Zane Uku a Wuyan Makulli

Kawuna mai yankan makulli ne. Shekara ashirin yana zaune a bakin layin kasuwa da akwatinsa da magagari. Yana da wata ɗabi'a: duk makullin da ya yanka sai ya yi masa zane uku a wuya, wai don in an ga aiki mai kyau a san hannun wane ne. To, an kuwa sani.

Ranar da aka yashe shagon mai sayar da yadi, ba a karya ƙofa ba, buɗewa aka yi, aka bar makullin a jikin kwaɗo. Zane uku. 'Yan sanda, Allah ya saka musu, ba su wahalar da takalmansu ba, taku goma ya kai su gaban akwatin Kawu.

A kotu lauya ya ja masa kunne ya kama bakinsa. Ina! Da alƙali ya ɗaga makullin ya tambaye shi ko ya san shi, sai Kawu ya gyara tsayuwa kamar za a ba shi lambar yabo.

"Ranka ya daɗe, aikina ne. Duba wuyan."

Ya ƙara da cewa mutum ashirin ke kawo masa makulli a rana, kuma bai taɓa tambayar kowa ƙofar wa zai buɗe ba. Alƙali mai basira ya rubuta rabin farko, kafin a kai rabi na biyu lokacin cin abinci ya yi. Ɗaurin shekara bakwai.

A ta biyar aka kama surukin mai shagon a wata satar, ya zayyana har da wannan. Aka sako Kawu da takarda mai hatimi, wai an yi kuskure. Kuskure fa, sai ka ce gishiri aka zuba a shayi. Matarsa ta rasu tun a shekara ta uku, takardar ba ta ce komai a kanta ba.

Ya koma bakin layin, ya liƙa takardar a jikin akwati. Mutane su gaishe shi, su ce ai da ma sun san ba halinsa ba ne, sannan su tsallaka titi su kai makullinsu wurin wani. Wallahi wannan ya fi ɗaurin ci min rai.

Ran nan na kai masa na ɗakina. Ya yanka tsaf, ya hure ƙura, ya ɗauki magagari, ya ɗan tsaya, ya ajiye.

"Kawu, ka manta zanen."

"Ban manta ba," in ji shi, ya miƙo min makullin, wuyansa fes.