Ranar da Aka Cire Masa Take

Duk inda na ga kokawa, na ga makaɗi. A Dakar ɗan kokawa ba ya taɓa abokin karawarsa sai ya gama rawa a gaban ganguna. A Yamai maroƙi zai yi ta kiran kakannin mutum har tsikar jikin 'yan kallo ta tashi. Ko a Turkiyya, inda suke shafe jiki da mai su yi ta santsi kamar tarwaɗa, akwai mai ganga da mai algaita a gefen fili. Aikin tafinta ne ya kai ni wuraren nan, shi kuma ya ajiye ni a Landan da na tsufa. A nan na san ɗan kokawar da aka raba da kiɗansa yana raye.

Majalisarmu tana bayan shagon wani mutumin Gana a Tottenham, mai sayar da doya da manja da busasshen kifi. Ran Lahadi bayan azahar mukan zauna kan kujerun roba a tsakanin buhunan garin rogo. Tsohon ɗan kokawar yana zuwa da sanda, ƙato ne har a lokacin, wuyansa kamar turmi. Ɗan zangon Kumasi ne, unguwar Hausawa a Gana, ya zo Ingila yana saurayi, masu shirya kokawar talabijin suka gan shi suka ɗauke shi. Irin kokawar nan ce da an riga an san wanda zai ci tun kafin a shiga. Suka ɗaura masa fatar damisa, suka rataya masa sarƙar ƙasusuwa, suka ba shi wani suna da ba zan maimaita ba. Aikinsa ya tsorata tsofaffin matan da ke layin gaba, sannan ya bar Bature ya kayar da shi.

Bai taɓa ɓoye wannan ba. Da Hausarsa ta zango yakan ce, "Faɗuwa nasu ne, Alaji. Shigowa nawa ne."

Abu ɗaya ya ƙi yarda a taɓa, takensa. Ubansa mahauci ne, mai kalangun mahautan unguwarsu ya yi masa take, wani ƙaramin kamfani ya buga shi a faifai. Da shi yake shiga fili. Ya ce a ciki an kira ubansa, an kira uwarsa mai koko, an kira garin da kakansa ya baro a arewa. Ya ce da zarar kalangun ya tashi zauren yakan yi tsit, Turawan ba su san abin da ake faɗa ba amma sun san ba da wasa ake faɗarsa ba. Faifan ya fashe lokacin da council, hukumar unguwa, ta canza masa flat, ɗan gidan da yake haya. Mai kalangun ya daɗe da rasuwa.

Akwai wani likita ɗan Kano a cikinmu, ya yi ritaya, mai bakin da ba ya tsufa. Shi ne ba ya barin zancen ya wuce.

"Gwarzo, kokawar da aka rubuta a takarda ai wasan kwaikwayo ce. Nawa ake biyanka ka kwanta?"

"Dokta, ka bari ka ji take tukuna. Ranar da ka ji, za ka tashi ka ba ni kujera."

Shekaru muna jin haka. Sai 'yar tsohon, haifaffiyar nan, mai jin Hausa tana amsawa da Turanci, ta gano cewa wani kamfani ya sayi tsofaffin wasannin ya zuba a intanet, kuma akwai na ubanta a ciki. Ya hana ta buɗewa. Ya ce ba wanda zai gani kafin majalisa, har shi kansa. "Na yi booking ranar Lahadi," ya ce wa mai shago, "kar kowa ya ci abinci a gida." Ya sa aka dafa shinkafa da wake, ya sayo tsire. Ya zo cikin babbar riga mai aiki, ya zauna a gaba, ya ɗora hannu biyu a kan sanda. 'Yar ta haɗa kwamfutarta da talabijin ɗin shago.

Hoton ya fito da ɗan dishi-dishi. Labule ya buɗe, sai ga shi, saurayi, ƙirji kamar ƙofa. Har likita ya matso da kujerarsa gaba.

Sai kiɗan ya tashi. Ba kalangu ba ne. Irin kiɗan injin nan ne da ake sa wa wasan yara idan biri zai saci ayaba: wata ganga mara rai, da wani abu mai kwal-kwal-kwal kamar ana buga kwalabe, can ƙasa kuma kukan tsuntsayen daji. A kansa an ɗora ihun jama'a suna yi masa eho.

Saurayin da ke cikin talabijin bai san an canza masa kiɗa ba. Ya tsaya, ya ɗaga hannu sama, leɓensa yana motsi yana amsa wa mawaƙin da ba ma ji. Ya dafa ƙirji a inda aka kira ubansa. Ya buga ƙafa a ƙasa, bugun ya faɗa daidai kan kwal-kwal-kwal.

"Ba shi ba ne," in ji tsohon. "Yarinya, ka taɓa wani abu."

Ta rantse da Turanci cewa ba ta taɓa komai ba.

Likita ne ya fara. Dariyar ta fito masa ta hanci, sannan ya saki duka, yana buga cinya. "A mayar baya! Don Allah 'yata, mayar mana baya! Wannan ne zan ba wa kujera?" Mai shago ya ɗauko kwalaben lemo biyu yana gwada kiɗan. Wani ya tashi yana buga ƙafa yana sosa haƙarƙari kamar biri.

Na ce musu su dubi matan layin gaba, bakunansu a rufe suke, ihun da muke ji ba daga zauren ya fito ba, ɗora shi aka yi.

"Alhaji, bar wahalar da kanka," in ji likita. "Haƙoran roba gare su, tsoro suke kar su faɗo."

Aka sake fashewa. Daga nan Baturen ya shigo, wani siriri mai farin wando, ya ɗaga tsohon namu ya maka da ƙasa kamar yadda aka tsara. Aka mayar baya aka sake kallo. Aka cinye tsirensa tas, shi ko loma bai kai baki ba.

'Yar ba ta haƙura ba. Ta yi ta kiran kamfanin da ya zuba wasannin a intanet har ta sami mai ba ta amsa, ta dawo majalisa da kanta ta faɗa mana. Faifan ya bi hannu-hannu, yanzu mallakar wani kamfani ne da ya sayi tsofaffin faifan Afirka a dunƙule. Kuɗin lasisin sa waƙar ya fi abin da wasan zai kawo, don haka aka cire. Tun da kiɗa da hayaniyar zaure tare aka ɗauke su, sai aka share duka aka ɗora wasu. Ta roƙi a ba ta na asali don ubanta shi kaɗai ya ji a ɗakinsa, aka ce doka ba ta yarda ba. Masu faifan kuma ba su ma amsa mata ba.

Ta zaci wannan zai wanke ubanta. Likita ya saurara har ƙarshe, ya gyara hula.

"To kin ji da kunnenki, 'yata. Sun auna, sun ga ubanki bai kai kuɗin waƙarsa ba."

Lahadin da ta biyo baya tsohon ya zo ba babbar riga. Ya ce tun da sun hana, shi zai rera. Ya miƙe da ƙyar, ya ɗaga hannu kamar yadda ya ɗaga a talabijin. Ya kira ubansa, muryar ta fita. Ya zo kan uwarsa, sai ya tsaya. Ya koma farko, ya sake tsayawa a wurin. Bakinsa a buɗe, idonsa yana neman kalmar a rufin shago. Cikin shirun nan wani daga baya ya ce, a hankali, "Kwal-kwal-kwal."

Ya ɗauki sandarsa ya fita. Bai sake dawowa ba. Mai shago kuwa ya naɗi kiɗan ya mai da shi ƙarar wayarsa, wasu suka karɓa daga wurinsa.

Na je gaishe shi a flat ɗinsa. Na same shi yana kallon shigowar, ya kashe murya, yana bin leɓen saurayin ko zai karanto abin da ya ɓace masa. Hoton bai da kyan da za a karanta. Ya ce, "Alaji, kai ka yi yawo. Ba ka taɓa ji shi a wani wuri ba? Ko a tasha, ko a rediyo?" Ban taɓa ji ba, na faɗa masa. Ya juya ya mayar da hoton baya.

Ya rasu cikin hunturun da ya biyo. An yi zaman makoki a gidan 'yarsa a Stratford, falo cike, 'yan majalisa duk sun zo, likita yana gaba da carbi. Liman yana tsakiyar addu'a wayar mai shago ta tashi da kwal-kwal-kwal ɗin nan a aljihun riga. Ya yi ta laluba bai same ta ba. Na ga kafaɗun dattawa suna girgiza, kowa ya sunkuyar da kai cikin tafin hannu, likita ya danne baki da carbi.

Wata ƙaramar jikar marigayin tana zaune a cinyar uwarta. Fuskarta ta washe, ta zame ƙasa ta ɗaga hannu sama, ta buga ƙafa a kan kafet. Ta ce wa uwar da Turanci, da ƙarfi yadda kowa ya ji, ai wannan waƙar kakanta ce.