Ranar da Huluna Suka Yi Iyo a Tsakar Gidana

Ni ne da laifi, gara in faɗa tun ba a je ko'ina ba. Kuma ko zan manta da komai, ba zan manta da ranar da huluna suka yi iyo a tsakar gidana ba.

A lungunmu na Ƙofar Marusa, tun kakanni ruwan sama gida-gida yake bi. Na maƙwabcina yakan ratso ta wata rariya a gindin katangar ƙasar da ta raba mu, ya bi ta gidana ya faɗa kwata. Maƙwabcin nawa dattijo ne mai wankin hula, kowa Malam yake ce masa, yana kuma kiwon agwagi. Su ma ta rariyar suke kawo mana ziyara, ba ko sallama. Ranar da suka afka wa geron da matata ta shanya, na samo bulo da siminti na liƙe rariyar, ban gaya wa Malam ba.

Gab da damina ma'aikatan ƙaramar hukuma suka zagayo tare da mai unguwa. Suka ce lungunmu kwari ne, in ruwa ya yi yawa ginin ƙasa ne zai fara tafiya, suka yi ta lissafa abin da za a iya asara: katangu, hatsi, dabbobi. Don haka kowa ya buɗe hanyar ruwansa. Na gyara tsayuwa na ce, "Ranka ya daɗe, ai ni gidana bisa tudu yake." Mai unguwa ya ce, "Alhaji, yaushe ka sayo tudun? Ni dai gangara nake yi in zo wurinka."

Ruwan ya sauko wata rana bayan azahar, dab da Babbar Sallah, lokacin da rabin mazan unguwa suka kai wa Malam hulunansu. Ina zaune a baranda ina ce wa matata, "Kin gani ko? Bana tsakar gidanmu tsaf." Ban rufe baki ba katanga ta yi nishi ta zauna. Duk ruwan da ya taru a gidan Malam ya shigo lokaci guda, huluna na juyi a samansa, zanna da damanga, agwagi na biye da su a layi kamar 'yan rakiya.

Allah ya tsare, ba wanda ya ji ciwo. Sai ga Malam da wando a naɗe, yana tsamo huluna yana cewa, "Alhaji, ka yi haƙuri, ruwana ya ɓata maka gida. Ban san mi ya hana shi wucewa ba." Ni kuma, don ƙarfin hali, na ce, "Ba komai, Malam, ƙaddara ce." Matata ta yi mini kallon da har yau nake jin zafinsa a ƙeya.

Jar ƙasa ta kama hulunan. Aka fara cewa Malam ya tsufa, ba ya kula da kayan mutane, gara a sauya mai wanki. Ina ji, ina shiru. A nan na koyi cewa ruwa bai san iyakar gidan kowa ba, kuma sunan mutumin kirki ma yana iya bin ambaliya, ko da ma'aikata ba su lissafa da shi ba.

Jajibirin Sallah masu hula suka taru a ƙofarsa. Wani na ɗaga tasa yana cewa, "Da wannan zan je Idi, ko sallaya zan yi da ita?" Malam ya sunkuyar da kai. Na kutsa tsakiyarsu na ɗaga murya.

"Jama'a, ku bar bawan Allah. Ni na liƙe rariya da siminti, saboda agwagi. Malam, ka ba ni haƙuri na karɓa, alhali ni ya kamata in ba ka. Don girman Allah, ka yafe mini."