Kalmar "Baffa" da Ta Ci Sunan Malam Buba

Bana shekara tara ke nan da rasuwar aminina Malam Buba, makiyayi a wata ruga kusa da Falgore. Allah Ya jiƙansa da rahama. Mutum ne da manoman Doguwa ke ba shi shanunsu kiwon amana ba tare da shaida ba, har ranar da kalma ɗaya ta raba shi da wannan yarda.

Wata rana da hantsi aka kore shanun wansa daga bakin daji. Ba wanda ya ga ɓarawon sai Hajjo, 'yar wan nasa, wadda a lokacin ko haƙoran gaba ba ta gama famfara ba. Da masu bincike suka tambaye ta wa ya kora, sai ta ce, "Baffa ne." A ruga kuwa, duk namijin da ya kai sa'an uba baffa ne a bakin yaro, ko baƙo ne. Masu tambayar ba su san haka ba. Suka kawo Buba shi kaɗai, suka tsayar gabanta.

"Wannan ne Baffa?"

Kanta a sunkuye, kamar yadda aka hore ta a gaban manya, ta ce e. Ai kuwa baffanta ne. Mu da muka yi karatun allo mun san wurin ɗigo ɗaya ke raba harafin ba da na nun. Tambaya ɗaya ta rage, "Shi kika ga ya kora shanun?", ba a yi ta ba.

Daga baya aka kama shanun a hannun wani, aka saki Buba. Amma magana zarar bunu ce. Masu amana suka janye dabbobinsu ɗaya bayan ɗaya, a Kwanar Dangora ana nuna shi da baki. Da na yi masa jaje, ina faɗan yarinyar, sai ya katse ni. "Haba Malam, Hajjo ba ta yi ƙarya ba. Tambayar ce ta yi ƙarya. Ka taɓa ganin 'yar Fulani ta ƙura wa babba ido?"

Yanzu ina jin masana na cewa a jera wanda ake zargi cikin mutane da dama, a gaya wa yaro wataƙila mai laifin ba ya ciki, kuma "ban sani ba" ma amsa ce. Da Buba na raye, na san murmushi zai yi, ya ce a ƙara da mai jin harshen gidan yaron. Sai dai me zai ce in ya ga yadda ake tura wa yaro hoto ɗaya a waya, dattawa sun kewaye shi, ana cewa, "Shi ne ko?" Sauri kan haifi nawa, kuma har yau ba mu daina saurin ba.

Ya rasu garkensa bai koma yadda yake ba, waɗanda suka zarge shi kuma ba su zo neman gafara ba sai a wurin jana'iza.

Bara Hajjo ta haihu a Tudun Wada, ta roƙi mijinta aka sa wa yaron Buba. Da yake ba ta iya kama sunan saboda kunya, Baffa take kiransa. Na ji ta kira shi ranar da na je barka. Wannan karon kowa ya san wa take nufi.