Sarkin da Ba a Tayar Ba

Duk ranar da matata ta dafa zoɓo a gidanmu na Rillieux, nan ƙasar Turawa, jinin kawuna nake shaƙa. Kwantar da hankalinka, mai karatu. A wasan samariyar unguwarmu a Damagaram da zoɓo ake yin jini, kawu kuwa shi ne sarkin da ƙaninsa ke sokewa a ƙarshen wani tsohon wasan tarihi. Duk bayan girbi sai an kashe shi. Ni da idona na ga mutuwarsa sau dubu, ko da yake lokacin ko gemu ban yi ba.

Mashin na karan dawa ne, rawanin kuwa zanen gadon gwaggo. Amma in ya faɗi, ko akuya ba ta kuka. Ba mai tafi, ba mai motsi, sai kaka, mahaifiyarsa, ta hau dandali da sandarta, ta kira sunansa na yanka sau uku. A na ukun zai yi atishawa ya miƙe. Sannan a watse.

Wata shekara masu kyamara suka zo daga Yamai, suka kwashi su kawu zuwa wani kufai suka ɗauki wasan. Ba a tafi da kaka ba, wai ba ta cikin labarin. Da ya dawo ta tare shi a zaure.

"Wa ya tashe ka?"

"Cewa suka yi an gama, Inna, sai na tashi."

Ta kira shi sau uku. Ya waiwaya bayansa, kamar wani ake kira. Bai ƙara amsa sunan nan ba, kafin wani girbin kuma ya rasu. Likita ya ce hanta ce.

Bayan shekaru na tsinci faifan fim ɗin a wani shagon katin waya a unguwar Goutte d'Or. Gaskiya fim ya fi kyau: mashin ƙarfe, ganuwa ta gaske, har zufar hancinsa kana gani. Amma sarki na faɗuwa sai sunayen 'yan wasa su hau tafiya a kansa. Yana kwance, ido buɗe, yana kallon hagu, ta inda kaka ke hawowa, har allon ya yi baƙi. Sau ɗaya na kalla zuwa nan.

Yanzu 'ya'yana, waɗanda ke kallon mutum ɗari na mutuwa suna taunar biskit, dariya suke mini, don ƙanin sarki na ɗaga mashi nake kashe tele.

"Baba, ina ƙarshen?"

"Shi ke nan," nake cewa. "Sarki na nan yana mulkinsa."