Ƙirgan Kawu

Jiya na taka marfin kwalba, sai na tuna Kawu. Irinsu yake bazawa a tabarma a gidanmu na Nasarawa, yana lissafin hanyoyi nawa za a iya jera su, don digirinsa na digirgir. Yatsunsa kullum warin tsatsa suke.

Shekarar da soja suka koma bariki, wani ɗan takarar kansila ya zo, turarensa har da hawa kai. Ya ce, "Malam, tsara mana alƙaluman ƙuri'a yadda ba mai ganewa."

Kawu ya tofar da yawu. "Shekara shida ina karatun nan don in ƙirga maka ƙuri'un matattu? Tashi!"

Mutumin ya ci zaɓensa duk da haka. Kawu kuwa sai da ya sa aka wanke kujerar da ya zauna. Allah ya haskaka kabarin Kawu, ya raba mu da masu irin wannan ƙirga.