Zuwa Minna karɓo hatimin manhaja

Mun tashi da asuba daga Abuja, ni da injiniyan ofishinmu, kafin tankokin mai su cika hanyar Suleja. Ga waɗanda ba su sani ba, tun da na bar gidan rediyo nake shirya shirye-shiryen noma da ake saurara a wata manhajar waya, ba sai da data ba. Manomi ya saurara, ya naɗi tambayarsa da muryarsa, ta zauna a wayar har ranar da wakilinmu zai kwashe.

Shekara da shekaru mace ɗaya ce ke haɗa kowace sabuwar fitowa da hannu, a kwamfutarta a Bosso da ke Minna. Yanzu watan haihuwarta ya kama. Shi ya sa injiniyanmu ya gina layin da zai yi aikin da kansa: da zarar an saka sabon shiri ko gyara, wata kwamfuta a intanet ta harhaɗa manhajar, ta gwada ta, ta ƙunshe ta. Layin ya yi aiki, amma wayoyi suka ƙi ƙunshin, domin babu hatimin da suka saba da shi. Waya ba ta ɗora sabuwa a kan tsohuwa sai hatiminsu ɗaya. In ba haka ba sai a goge tsohuwar, tambayoyin manoma na bana su tafi tare da ita. Hatimin ɗan ƙaramin fayil ne, kuma ita matar da ke riƙe da shi ta ce ba za ta turo shi ta waya ba ko da wasa. Gaskiyarta ce. Duk wanda ya same shi zai iya fitar da jabu da sunanmu.

Hanyar dai ga ta nan. Inda aka gyara ta, mota na gudu, inda ba a gyara ba direba na zaɓen ramin da ya fi sauƙi. A Lambata muka karya da soyayyar doya da yaji. Daga Paiko kuwa doya ce jibge a bakin titi, ta fi ta Abuja araha nesa ba kusa ba, har abokin tafiyata ya fara lissafin ko but ɗin motar zai ɗauki kwarya guda, wato doya ɗari.

Hantsi ya dubi ludayi muka shiga Minna ta Chanchaga. Muka ajiye motar muka hau keke mai ƙafa uku zuwa Bosso, cikin ɗalibai da masu shagunan buga takardu. Mai keken Hausarsa ta kasuwa ce, namiji da mace duk “shi” ne, kuma bai ɓatar da mu ba.

Mai hatimin ta tarbe mu da kunun aya mai sanyi. Da hannunta ta saka hatimin a ma'ajiyar sirri ta layin, inda ko mu ba za mu iya buɗe shi mu gani ba. Sai injiniyanmu ya kafa sharaɗi: a rufe kwamfutarta, ita kuma kada ta taɓa komai. In layin bai iya aikin ba tare da ita ba, to bai iya ba.

Aka tayar da shi. Alama ta yi ja.

“Malam, ku ba ni minti ɗaya,” in ji ta, tana miƙa hannu.

“Hajiya, ranar suna ma minti ɗaya za mu roƙa?” in ji shi.

Ta yi dariya ta janye hannun. Aka ce ta faɗi yadda take yi, daki-daki, da baki kawai. A tsakiyar bayanin ta tsaya cak. Ashe kafin kowane haɗi takan ƙara lambar fitowa da ɗaya, kuma ta saba har ba ta lissafa shi cikin aiki. Layin ya ga lambar ba ta wuce ta baya ba, ya ƙi ci gaba. Aka koya masa ƙara lambar da kansa. Wannan karon alamar ta yi kore.

Amma kore a allo mun taɓa gani a Abuja, bai hana wayoyi ƙi ba. Bayan azahar muka wuce ta Tudun Fulani zuwa Beji, inda wakilinmu ya haɗa mu da wani dattijo manomin doya da masara. Gilashin wayarsa ya tsage, an ɗaure murfin da roba. Ya riƙe ta gam.

“Tambayana yana ciki fa. Na kan tsutsa. Kada ya tafi.”

“In sha Allahu, Baba,” na ce, alhali ni ma ban tabbata ba.

Aka tura ƙunshin daga waya zuwa waya, yadda suke yi a can. Wayarsa ta ɗan yi jinkiri, sannan ta karɓa. Ya buɗe, ya danna, sai ga muryarsa tana tambaya a kan tsutsar da ke cin zuciyar masara. Ya saurara har ƙarshe, ya ce a ƙara masa wata tambayar, tunda abin bai ɓata ba.

Mun kwana a Minna, washegari muka kamo hanya da doya a but. Kafin mu kai Suleja na tura sabon shiri daga wayata, layin ya haɗa, ya buga hatimi, ya fitar, ba wanda ya kira Bosso.

Abin da na koyo shi ne, aikin da hannu ya saba da shi baki yakan manta da shi, kuma ba a gane haka sai an ce wa hannun ya tsaya. Mun iso gida lafiya. Tambayoyin Beji suna nan cif, kuma ta tsutsar ita zan fara amsawa a shirin wannan mako.