Ƙuri'u Tara na Akawu Mai Ƙaho

Akawu suke ce masa har yau, duk da shekara goma sha ɗaya ke nan da ya bar buga takardu a ofis. Mutum ne mai saurin hawa, kuma ba ya sauka da wuri. Abu biyu ya iya a duniya: busa ƙaho a ƙungiyar badujala ta tsofaffin ma'aikata, da rubuta kiɗa tsaf a kan layuka biyar, kowane ɗigo a mazauninsa.

Da 'yarsa ta saka masa manhajar rubuta kiɗa a tsohuwar kwamfuta, sai ya zama kamar an ba yaro keke. A kusurwar falo, tsakanin firji da taga, ya rubuta waƙoƙi ɗari uku da 'yan kai, ya ɗora su kyauta a dandalin da masu amfani da manhajar ke musayar aiki. Mutane sun sauke sun fi dubu. 'Yan ƙungiyarsu kuwa, su ashirin da biyu, ba wanda ya taɓa rubuta ko layi ɗaya. Sai dai su sauke, su buga, su zo suna ƙorafin rubutun ya matse.

Sai idonsa ya fara gajiya. Bai damu ba, don manhajar tana da wani maɓalli da ke ƙara girman ɗigogi ya sake jera su daidai da takarda. Rana ɗaya aka sabunta ta, maɓallin ya ɓace, tsohuwar manhajar kuma ta daina buɗe fayilolin. Ya kai takardun kiɗan shagon hoto aka faɗaɗa masa, shafi ɗaya ya koma huɗu. To, mai riƙe ƙaho da hannu biyu, da me zai juya shafi, da haɓa?

Ya zauna ya rubuta koke a shafin jin ra'ayi na masu manhajar, da irin ladabin ofis ɗin da ya saba. Aka amsa masa da cewa duk buƙatar da ta samu ƙuri'a hamsin cikin kwana talatin za a duba ta. Akawu ya yi dariya. Hamsin kawai? Ya faɗa wa ƙungiya a wajen atisaye, kowa ya ce an gama. Shugaban, wanda ƙanin matarsa ne, har dafa ƙirji ya yi.

Ran kwana talatin da ɗaya 'yar ta buɗe shafin.

"Baba, tara ne," in ji ta.

"Tara me?"

"Ƙuri'u. Da tawa da taka a ciki. Sun rufe jiya."

Ya sa ta karanta masa sunayen. Bakwai ɗin duk baƙi ne, bai san ko ɗaya ba. Wata a cikinsu ma ta rubuta cewa ita ma idonta ya tafi. Daga ƙungiyarsu babu kowa, ko mutum ɗaya. Ransa ya ɓaci irin ɓacin da ke hana cin abinci, matarsa ta ɗauke kwanon yadda ta ajiye shi.

Ranar Asabar ya je atisaye a ɗakin taron makarantar da suke aro, mai fanka ɗaya da benci masu rawa. Ya ɗaure takardarsa a maƙali, ya kusantar da fuska har hancinsa na neman taɓa ta. Sau biyu yana shiga a inda bai kamata ba. A na uku shugaban ya ɗaga hannu, kiɗa ya tsaya.

"Yaya, ko za ka ɗan huta? Bari wani ya riƙe wurin nan."

Nan Akawu ya fashe.

"In huta? Kai ne mai ce min in huta? Takardar da ke gabanka wa ya rubuta ta? Shekara shida kuna cin gumina, na roƙe ku danna yatsa sau ɗaya, sau ɗaya tak, ya gagare ku!"

Mai babban ganga ya sosa ƙeya. "Wallahi Akawu, na ɗauka da jama'ar da kake da su, ko ban yi ba za ta cika."

Abin takaicin, haka kowannensu ya ɗauka. Sai ga su suna ta zaro wayoyi, kowa da fuskar tausayi, suna danna shafin da aka riga aka rufe. Wannan ya fi komai ƙona masa rai, don yanzu ya gani da idonsa cewa ko minti ɗaya abin ba ya ci.

Duk da haka aka ba wani wurinsa, don wasa na nan tafe, kuma takarda ba ta ƙara girma ba. Akawu ya goge ƙahonsa, ya sa a akwati. Shekara goma sha ɗaya yana zama a bencin nan na gaba. Yana dab da ƙofa shugaban ya biyo shi da sauri, ya rage murya.

"Yaya, ka yi haƙuri, ba da gangan ba ne. Af, waƙar wata mai zuwa fa, yaushe za ka ɗora mana?"

Akawu ya tsaya yana kallonsa har shugaban ya sunkuyar da kai.

"Ku ashirin da biyu ne," in ji shi, "kuma duk idonku ƙalau. Ku rubuta."